Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanin da Ya Ƙera Maikirowef Ɗina

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Masu Sayen Kaya,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na fito da wannan ƙorafi fili ne saboda abin ya wuce asarar kuɗi, ya taɓa lafiyar mutane.

Na'urar ɗumama abinci da na saya daga wurinku tana cikin garanti. Matsalarta ɗaya ce: da zarar an buɗe ƙofa tana cikin aiki, sai ta ɗauke gaba ɗaya, fitila ta mutu, agogon gabanta ya ɗauke. Na kai wa makanikenku, ya ce fis ne ya ƙone, ya sauya, ya ba ni. Ba a jima ba ta sake. Na mayar, aka sake sa wani fis ɗin. Ban ji wanda ya tambayi abin da ke ƙona shi ba.

Shi fis ba ya ƙonewa haka kawai. A bayan ƙofar irin wannan na'ura akwai ƙananan makunnai, yawanci guda 3. Biyu su ne ke yanke wuta idan an buɗe ƙofa. Na ukun mai gadi ne: idan waɗancan ba su yanke wutar a kan lokaci ba, shi ke ƙona fis da gangan, don kada magnetiron, wato sashen da ke samar da igiyar zafin da ke ɗumama abinci, ya ci gaba da fitar da ita alhali ƙofa na buɗe. Ke nan fis ɗin da ke mutuwa daidai lokacin buɗe ƙofa yana nuna cewa wani makunni ya lalace, ko kuma robar da ke riƙe da su ta goce. Na'urar tana faɗin ciwonta, makanikenku yana toshe mata baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amsar da na samu a waya. Ma'aikacinku ya ce tunda fis ne kawai, in cire filogi, in kwance murfin, in sauya da kaina. Yallaɓai, wa ya koya masa wannan? Taransfomar da ke ciki tana ɗaga wuta zuwa kusan bolt 2,000, kafasita da diyod kuma su ninka ta zuwa kusan 4,000 kafin ta kai ga magnetiron. Kafasitar nan, wadda aikinta tara wuta ne, tana iya riƙe caji bayan an cire filogi. An sa mata abin da ke zubar da cajin, amma shi ma yana lalacewa, shi ya sa ƙwararru ba sa taɓa komai sai sun sauke cajin da kansu. Wutar da ke wurin tana kisa. A jikin na'urar taku ma an rubuta cewa kada wanda ba gwani ba ya buɗe. Mutum nawa ne suka ji irin wannan shawara suka ɗauki sukundireba? Kuma wanda ya gaji da sayen fis, wata rana fis mafi girma zai sa, ko ya ɗaura waya a gurbinsa, ya kashe kariyar da ta rage.

Ina da gyaran da nake yi da kaina ba tare da na kwance komai ba: in gwada wani soket, in goge maiƙon bakin ƙofa, in duba farantin mika na gefen ciki, wato ɗan faifan da ke rufe ramin da igiyar zafi ke fitowa, ko ya ƙone, in sa kofin ruwa na minti 1 ko 2 in ga ko zai yi zafi. Iyakar mai saye ke nan, kuma iyakar abin da ya kamata ku faɗa masa a waya ke nan.

Ina neman ku karɓi na'urar, a auna makunnan ƙofa ɗaya bayan ɗaya, a sauya su tare da abin da ke riƙe da su idan ya goce, sannan a gwada ko tana yoyon igiyar zafi kafin a dawo mini da ita, a ba ni sakamakon a rubuce. In ba za ta gyaru ba, garanti ya ba ni damar canji. Sannan ku tara ma'aikatan da ke amsa waya ku hana su cewa kowa ya buɗe murfin nan, tun yau.

Ina sauraron amsarku a rubuce.

Naku,
Mai sayen kayanku