Kafin a ɗora babur a bayan karafan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Jidda. Da sanyi ya shigo, 'yan uwanmu da suka sayi karafan, motar nan mai ɗakin kwana, sukan zo a haɗa musu ƙarfen ɗaukar babur a baya. Ina da magana da sabon shiga.

Alhaji, fara duba farantin da kamfani ya manna jikin motar, mai nuna iyakar nauyin da tayoyin baya za su ɗauka. Ƙaramin babur mai 125cc yakan haura kilo 100, ban da ƙarfen kansa. Da yake kuma jelar karafan doguwa ce, kayan da ke can ƙarshe suna danne tayoyin baya fiye da ainihin nauyinsu, suna ɗaga gaba, sai sitiyari ya yi sakayau a hannu. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada, mai bi ta kan duwatsu, da iyalinsa a ciki ya san haɗarin wannan. Cika tankin ruwa, loda kayanka, je ka hau sikeli tukuna.

A jikin shasi, wato ƙarfen gindin mota, ake ɗaure ƙarfen ɗaukar babur, bamba ba za ta iya ba. Sa igiya huɗu masu ƙarfi, danne gaban babur kaɗan, rufe makunnin man babur ɗin. Bayan 'yar tafiya tsaya ka ƙara tamkewa, domin sukan saki. Idan babur ya tare lamba ko fitilun birki, a sa wasu fitilun a jikin ƙarfen, a kuma bayyana lambar. Mai babban babur kuwa, don Allah ya nemi tirela.

Naka,
Mai walda daga Jidda