Katin rigakafin kare ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da yadda maganar za ta zo, raina a jagule yake.

Ina aiki a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Kaduna. Ni ke riƙe dabba, in yi allura, in wanke rauni, in cike kati. Mutanen unguwarmu sun daɗe suna yi mini gori wai ina taɓa kare, alhali raguna da kaji da kyanwoyi sun fi yawa a aikinmu, kuma da safar hannu nake taɓawa. Ba ma wannan ya kawo ni ba.

Karen wani attajiri ne ya ciji yaron maƙwabta a ƙafa. Rabon karen da allurar rigakafin haukan kare tun 2022, allurar da duk shekara muke yi. Dakta, likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa, mutumin da bai san komai ba sai kuɗi, ya miƙo mini sabon kati ya ce in sa kwanan watan baya, don iyayen yaron su gani hankalinsu ya kwanta. Na ce ba zan rubuta ba. Da hannunsa ya rubuta. Hatimi kawai na buga, shi ma don a teburina yake, ga shi yana tsaye a kaina. Ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu, Anti.

Wallahi na san wannan ciwo. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Ƙa'ida ita ce a wanke cizon da sabulu da ruwa na minti 15, a fara yi wa yaron allurai nan take, a killace karen kwana 10. In karen ya mutu a yanke kansa a kai gwaji cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, ko asibitin dabbobi na jami'ar Zariya. Wanda ya ga kati mai hatimi kuwa, me zai kai shi neman allura mai tsada? Kullum sai in farka tsakar dare ina tunanin yaron nan. Abinci ma ba ya shiga.

Dakta kuma ko a jikinsa. Shi ne fa ya taɓa zagina gaban mutane don na yi kuka ranar da aka yi wa wani tsohon doki allurar mutuwa, wai zuciyata ba ta aikin ba ce. Albashin watan jiya ma bai cika ba.

Na so in je wurin mahaifiyar yaron a ɓoye, amma in magana ta fito hatimina za a gani. Wanda zan aura ya ce in ajiye aikin kawai, dama danginsa ba sa so. Anti, in na bari yanzu ba za su ce gaskiyarsu ce tun farko ba? Kuma alhakin nan a wuyan wa yake, ni ko Dakta?

Ƙanwarki, daga Tudun Wada, Kaduna.