Darasin Ginin Lever House Ga Maginanmu

Ya Edita,

Benaye masu bangon gilashi sai ƙaruwa suke a Abuja da Kano. Ya kamata maginanmu su duba abin da ya faru da Lever House, bene mai bangon gilashi kuma tsohuwar hedikwatar kamfanin sabulu na Lever Brothers a birnin New York na Amurka, wanda aka kammala a 1952, tsayinsa mita 94.

Tagoginsa ba sa buɗuwa, sai na'urar sanyaya ɗaki. Matsalar ta taso ne daga ƙarafan da ke riƙe gilashin: ruwa ya riƙa kurɗawa, suka yi tsatsa, suka kumbura, gilasai suka yi ta tsagewa. Dole aka sake bangon gaba ɗaya wajajen 2001.

A nan kuwa ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. A sa alminiyom maimakon ƙarfe mai yin tsatsa, a bar kafar fitar ruwa, a kuma bar tagogin da za a iya buɗewa.

Wasu masu zanen gine-gine, Kano