'Yata makaɗiya ce a Ayalan, Abbanta yace in ta tafi Amurka kar ta dawo masa gida

Assalamu alaikum Anti, barka da war haka, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira ya biya ki da gidan Aljanna. Ni mai sauraron shirinki ce ta intanet daga ƙasar Ayalan, wani gari Drogheda da bai kai awa ɗaya a mota daga Dablin ba. Dan Allah ki ɓoye sunana, ki yi haƙuri kuma da tsawon saƙon, wallahi sati uku kenan ina rubutawa ina gogewa.

Mu 'yan Zariya ne, mun zo nan ni da maigidana a 2001, shi yana tuƙin tasi ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Yaranmu uku. Maganar a kan 'yar farina ce, an haife ta nan a 2002, lokacin duk jaririn da aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne kai tsaye kafin su canza dokar bayan ƙuri'ar 2004, to kinga ita 'yar Ayalan ce cikakkiya, tana jin Hausa sosai don a gida ba ma yin wani yare, amma kuma tana jin Ayirish ɗinsu na gado fiye da yawancin turawan unguwarmu.

Sana'arta kiɗan haf ne da waƙa. Haf wani abin kiɗa ne na katako mai kusurwa uku, ana zama a jingina shi a kafaɗa a dinga taɓa tsirkiyoyin da yatsun hannu biyu, kamar dangin molo ko gurmi amma tsayinsa in an ajiye a ƙasa ya kai ƙirjina, nata tsirkiya 34 gare shi. A nan ba ƙaramin abu bane Anti, shine tambarin ƙasar, yana jikin kwabbansu na yuro, yana bangon fasfo ɗin da take tafiya da shi, har UNESCO ta sa kiɗan cikin al'adun duniya da ake karewa a 2019. Tun tana shekara tara ta fara, wata malamarsu ta firamare ce ta ce yarinyar tana da kunne, muka sa ta ajin yamma na Comhaltas, ƙungiyar kiɗan gargajiyarsu, muna biyan hayar ƙaramin haf duk wata. Mu dai a lokacin gani muke gara haka da yawon banza. A 2018 da aka kawo babban bikin kiɗan gargajiyarsu Fleadh garinmu, ta zauna bakin titi da hijabinta tana kaɗawa mutane sun yi mata zobe, Abbanta da kansa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana dariya har da cewa wani bature wannan 'yata ce. Bidiyon har yau yana wayata, shi kuwa yanzu ko maganar ba ya so.

Da ta gama sakandare shi nas yake so ta yi, ita ta nace sai karatun kiɗa a jami'ar Limerick, aka yi ta fama daga ƙarshe ya yarda bisa tunanin malamar makaranta za ta zama ta zauna wuri ɗaya. Sai ga shi ta gama ta shiga yawon wasa.

Bari in gaya miki yadda rayuwarta take don in ba ki ji ba za ki ɗauka holewa ce kamar yadda dangi a gida suka ɗauka. Yarinyar nan da ta idar da sallar asuba take jawo haf ɗin tsakiyar falo, ta ɗauko wani ɗan makulli ta bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya tana ɗaurewa tana sassautawa kunnenta manne da katakon, saboda sanyi da danshin ƙasar nan kullum sai sun sauya murya, duka 34 ɗin, kuma in ta je wurin wasa sai ta sake. Daga nan awa uku ko huɗu tana maimaita abu ɗaya har sai ƙannenta sun rufe ƙofa. Kan yatsunta duk ya yi kanta, ranar da na kama hannunta zan sa mata lalle na sallah sai da gabana ya faɗi, kamar hannun mai surfe, ba ta tara farce ko kaɗan, kafaɗarta ta dama kullum cikin ciwo ni nake shafa mata man zafi. Da rana tana koyar da yara, wasu a gida wasu ta Zoom har daga Amurka, da dare ta hau kwamfuta tana amsa saƙonnin masu biki, tana rubuta rasit, tana bin waɗanda suka riƙe mata kuɗi wata biyu wata uku, tana lissafin haraji don ba ta da albashi ita ke biyan nata da kanta. Daga Mayu zuwa Satumba lokacin bukukuwan aure ne, Asabar ba ta gida, za ta kwantar da kujerun bayan motarta ta shimfiɗa tsohon bargo ta kwantar da haf ɗin kamar mara lafiya ta kama hanyar Galway ko Donegal ita kaɗai cikin ruwan sama, ta dawo ƙarfe ɗaya ƙarfe biyu na dare, ni kuwa ina zaune kan dadduma waya a hannu har sai naji ƙarar mota. Watan Janairu kuma shiru kake ji, wani lokacin kuɗin mai ma sai ta ranta wajen ƙaninta. Gwamnati ta taɓa fara gwajin biyan masu fasaha mutum 2000, kowa yuro 325 duk sati, a 2022 amma ita ba ta cikinsu.

Suna da ƙungiya su huɗu, ita da wata yarinya mai goge irin nasu, da maza biyu, mai sarewa da mai wata ganga mai faɗi kamar faifai. Sun je Jamus sati uku a cikin bas ɗaya, sun tsallaka Faransa ta jirgin ruwa daga Rosslare, yau wannan gari gobe wancan, kwana a ƙananan otal, cin abincin gidan mai, ita kullum kifi da dankali saboda naman ba halal ba. Ta ce min a ɗakin canza kaya take shimfiɗa ɗankwali ta yi sallah abokiyarta ta tsaya mata a bakin ƙofa. Na yarda da ita Anti, ni na raine ta, amma uwa ce ni.

Akwai abinda na ɓoye ma maigidana kuma shine yake cin raina. Bara a hanyar dawowa daga wata tafiya kamfanin jirgin sama suka fasa mata haf, ta buɗe akwatin a filin jirgi ta ga katakon gaba ya tsage tun daga sama har ƙasa, ta kira ni tana kuka irin wanda rabon da inji ta yi shi tun tana ƙarama. Inshora suka biya wani abu kaɗan bayan dogon jeka ka dawo, kuɗin bai kai na sabo ba, ga bukukuwa ta riga ta karɓi kafin alƙalami. Na ɗauki kwasata ta adashi gaba ɗaya, wadda muka yi da shi za a tura Zariya a ci gaba da ginin mu, na ba ta ta cika ta saya wajen wani mai sassaƙa su da hannu. Na ce masa an ɗaga kwasar tawa. Shekara ashirin da huɗu da aure ban taɓa yi masa ƙarya kan kuɗi ba sai wannan, tana biya na kaɗan kaɗan amma har yau bai sani ba.

Abinda ya tada rigimar yanzu, wani ya tura bidiyonta guruf ɗin dangin Abbanta na WhatsApp, tana waƙa a wani zaure an jera kofunan giya a teburan mutane. Yayarsa ta kira shi ta ce ashe abinda kuka je yi Turai kenan, kun maida jikar malamai maroƙiya, wa zai aure ta. Tun ranar ya canza. Ita kuma garin kare kanta ta zauna tana ba shi tarihi, wai akwai wani makahon makaɗin haf O'Carolan da aka haifa a 1670, agana ta makantar da shi yana saurayi, ya yi kusan shekara hamsin yana yawo a kan doki gida gida wajen masu hali yana yi musu kiɗa da sunansu har ya rasu a 1738, kuma har gobe kiɗansa ake koya wa yara, wai a 1792 da aka tara ragowar tsofaffin makaɗan haf a Belfast goma sha ɗaya kacal aka samu, saura ƙiris abin ya mutu. Abbanta ya bari ta gama tsaf sannan ya ce to ai kin faɗa da bakinki, bin gidan masu kuɗi ana yi musu kirari, mu a garinmu roƙo sunansa. Ta tashi ta shige ɗaki. Ni kaina a raina na san akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa ta fuskar yadda muka taso, amma kuma yarinyar nan ba ta taɓa wasa kowa don ya ba ta kuɗi ba, tikiti ake saya a shigo a zauna shiru a saurara.

Kuma na ga wani abu da idona da na kasa mantawa. Ta zo wajen aikina ta yi wa tsofaffi wasa kyauta, akwai wata tsohuwa da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ba ta gane 'ya'yanta, ni nake ba ta abinci a baki, wata da watanni ban ji ta haɗa kalma biyu ba. Da yarinyar ta fara wata tsohuwar waƙa da Ayirish sai naga leɓen matar yana motsi, can sai ga murya, ta bi waƙar baiti bayan baiti har ƙarshe hawaye na zuba, ta kama gefen hijabin 'yata ta ƙi saki. Na shiga banɗaki na yi kukana. Har waƙar reno da nake mata tana goye ta ɗora a kan haf ɗin tana rerawa da Hausa a gaban turawa. To ta yaya zan kalle ta ince abinda take yi duk shirme ne?

Amma ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Wuraren da ake kiɗan gargajiya a nan da yawa mashaya ne, ita ba ta sha, amma tana zama a ciki. Ana kiranta ɗaurin aure da jana'iza a coci, na ce mata ni wannan bai kwanta min ba, ta rage amma ba ta daina duka ba don nan kuɗin yake. Ga tafiya da maza ba muharrami. Ga shekaru suna tafiya, wani yaro ɗan mutunci ɗan Kano da ke aiki a Dablin ya fito, da ya ce sai ta bar yawo ta ce a'a, ya janye. Na tambayi malamai biyu kan kiɗan kansa, ɗaya ya ce haramun ne kai tsaye ɗaya ya ce akwai saɓani ya danganta da abinda ake faɗa da inda ake yi, na dawo gida kaina ya ƙara kullewa.

Yanzu an ba ƙungiyarsu kwantiragin sati shida a Amurka, daga Fabrairu har bayan 17 ga Maris ranar bikin Saint Patrick, lokacin ne 'yan asalin Ayalan da ke can suke neman makaɗa ruwa a jallo, Boston, Chicago, New York da wasu garuruwan. Ta ce abinda za ta samu zai biya bashina gaba ɗaya har ta yi rara, kuma irin wannan ƙofar in ka ƙi shiga ba lallai a sake buɗe maka ba, sauran ukun ma ita suke jira don ba su da wata mai haf da waƙa. Azumi ma a hanya zai same ta kamar yadda ya same ta a 2025, ta yi buɗa baki da dabino da ruwan roba a bayan dandali minti kaɗan kafin ta hau. Abbanta ya ce in ta sa ƙafa a jirgin nan kar ta dawo masa gida, kuma na san shi, ba ya magana biyu. Ita kuma a dokar ƙasar nan ba mai hana ta, ta wuce 18, tana iya kama ɗaki gobe, amma ta zo ta durƙusa a gabana a kicin ta ce Umma ni ba izinin hukuma nake nema ba, in ba ki sa min albarka ba ba zan sa hannu ba, sai dai ki sani zan bari ne raina ba ya so. An ba ta zuwa ƙarshen wata saboda neman biza yana ɗaukar lokaci.

Anti ki ba ni shawara tsakaninki da Allah. In na ce ta tafi na saɓa wa mijina kuma wataƙila na raba uba da 'ya, in na ce ta zauna ina tsoron ta zauna da ƙullin mu a zuciya ko wata rana ta tafi gaba ɗaya ba sallama, na ga yaran mutane da yawa a nan da aka matsa musu suka bar gida suka bar addinin ma. Shin in fara gaya masa maganar adashin ne kafin komai, ko hakan zai ƙara hura wutar? Na yi tunanin in nemi ƙanin mahaifinsa da ke Kaduna ya sa baki don shi kaɗai yake jin maganarsa, amma ina tsoron tsohon ya goyi bayan yayar tasa abin ya ƙara lalacewa. Na kuma yi tunanin ƙaninta mai shekara 20 ya bi ta a matsayin muharrami ya dinga ɗaukar mata kaya, ta ce za ta tambayi sauran ko akwai wuri a motar, sai dai kuɗin tikitinsa da makarantarsa ban san yadda za a yi ba. Ko akwai sharuɗɗan da kike ganin in gindaya mata waɗanda uba zai iya ji ya sauko?

Ina sauraron shirin ranar da za ki karanta, in da hali a sa malami ma ya ce wani abu. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki, wata uwa daga Drogheda