Wasiƙa daga Liyon ta Faransa a kan zufar hammata

Assalamu alaikum ƙanena,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen gida. Ka gaishe mini da ƴan fadarmu ta Bagalam.

Saƙonka ya iso. Ka ce in taimaka maka da kuɗin aikin jijiya, don zufar hammata da wari sun hana ka sakewa cikin mutane. To bari in faɗa maka abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba: ni an yi mini aikin nan, yau shekara 2.

Barci ake sa mutum, a huda ƙarƙashin hammata, a sace iskar huhu ɗaya, a zura ƴar kyamara har gefen ƙashin baya, a datse jijiyar da ke sa zufa ta tsatso. Sannan a koma ɗaya ɓangaren. Da na farka tafin hannuna ya bushe ƙayau, na yi ta shafa zanen gado don murna.

Ba a jima ba zufar ta ɓullo mini a baya da ciki da cinyoyi. Lokotoro ya gargaɗe ni tun farko cewa haka ke faruwa da yawancin waɗanda aka yi wa, ni ne na toshe kunne. Yanzu in na tashi daga kujerar bas sai na waiga in ga ko na bar shaida. Nan fa ƙasar sanyi ce. Ka auna Maradi a watan Afrilu, zafi ya haura 40, kana bisa babur da rana tsaka. Jijiya kuwa ba riga ba ce da za a kai wa tela ya mayar.

Warin ma yana nan, don ba daga zufar ruwa yake ba. Wani maiƙo ne ke fita a gindin gashin hammata, ƙwayoyin cuta su ci shi, sai ya tashi.

Ka fara zuwa likita a duba maka sukari da maƙoƙo, su ma suna kawo zufa. Ka riƙa aske gashin. Zan aiko maka da maganin shafawa mai sinadarin alminiyam, da dare ake sa shi a busasshiyar fata. In bai yi ba akwai allurar Botox, tana riƙewa kamar wata 6.

Don Allah kar Inna ta ji an taɓa buɗe mini ƙirji.

Naka,
Yayanka