A riƙa faɗa wa maniyyata tsawon tafiyar jirgi daga Abuja zuwa Jidda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da ba a cika bayyana wa maniyyata ba a wajen bita, wato awa nawa mutum zai yi a cikin jirgi kafin ya taka ƙasa mai tsarki.

Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,700 ne idan jirgi ya miƙe sak. Manyan jiragen fasinja kan yi gudun wajen kilomita 850 a awa, shi ya sa a da ake cewa tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar. Amma miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, inda kakanninmu suka ratsa da ƙafa da raƙuma kafin su tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazan wannan shekarar suka koma yin zagaye, tafiya ta haura awa shida. Har gobe za ka ji ana ce wa tsofaffi "ai nan da nan ne, awa huɗu kun sauka."

Ga kuma batun agogo. Saudiyya na gabanmu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ake rubutawa a tikiti na can ne. Jirgin da ya tashi goma na dare ya yi awa shida, ƙarfe shida na safe zai sauka a agogon Jidda, alhali agogon hannun alhaji na nuna huɗu. Matashi zai duba waya ya gane. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani a kan lokaci fa?

Gwaggona da ta je Umara, ƙin shan ruwa ta yi tun daga ɗakin jira saboda tana tsoron banɗakin jirgi, tana ganin za ta iya daurewa. Maganinta kuma yana cikin babbar jaka da aka riga aka auna aka wuce da ita. Ta sauka ƙafafu a kumbure, silifas ma ya ƙi shiga. Wannan abu ya tsaya mini a rai, don da an yi mata bayani da ba ta sha wannan wuya ba.

Sanin lokacin ya shafi ibada ma. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye a sama zai ratsa miƙati, dole ya shirya haraminsa tun da wuri. Mai sauka Madina kuwa sai ya zo Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, zai ɗaura.

Don Allah jaridarku ta riƙa buga wannan bayani kafin a fara jigila. Malaman bita da jami'an da ke sansanin alhazai na Basan Jiwa a Abuja su ma su faɗa wa kowane rukuni filin da zai sauka, da awannin da zai yi a sama, su kuma tabbatar kowa ya sa maganinsa a jakar hannu.

Mai karatunku,
daga Kubwa, Abuja.