A janye maganar sassauta ɗauri kafin ta kashe wani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Talata ne ya sa na rubuto, kuma ba yabo na kawo ba. Baƙon da kuka gayyato ya ce idan an ɗaure hannu ko ƙafar wanda jini ke zuba daga jikinsa, a riƙa sassauta ɗaurin duk bayan minti 15, wai don jini ya zaga. Sau biyu ya faɗa, mai gabatarwa na ce masa madalla.

Ya zaga ina? Ta ƙofar da ya fito zai sake fita. Jinin babban mutum gaba ɗaya kusan lita 5 ne, wato ledar fiya wata 10. In leda 4 suka zube, mutum yana bakin kabari. Babbar jijiyar cinya in ta yanke, minti 5 sun isa a rasa shi. Duk sassautawar da aka yi, jinin da ya taho da ƙarfi sai ya wanke ɗan gudajin da ya fara toshe bakin jijiyar, a koma gidan jiya. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu likitocin soja suka lura cewa wannan dabara kashe mutum take yi da kaɗan-kaɗan. Ɗaurin da aka yi daidai, gaɓa tana jure shi har kusan awa 2, kuma ma'aikacin asibiti ne ke kwance shi. Mutumin da aka ɗauko daga ƙauyukan Batsari ko Safana, a lissafa sau nawa za a sassauta masa kafin a iso Katsina. Da me zai iso?

Ɗaurin ma ba shi ne farko ba, abin da baƙon naku bai ko ambata ba ke nan. Farko dannawa ce. A yage rigar a ga ainihin inda jinin ke fitowa. A sa safar hannu, in babu a zura hannu cikin leda mai tsabta. A ninke ƙyalle, ɗankwali ko hirami, a ɗora a kan raunin, a danna da hannu biyu, a miƙe gwiwar hannu yadda nauyin jiki zai sauka a wurin. Minti 10 cur ba ɗagawa. A nan mutanenmu ke ɓata aiki: kowa so yake ya ɗaga ya leƙa ko ya tsaya. Idan rauni mai zurfi ne a matsematsi, hammata ko gindin wuya, inda ɗauri ba ya kamawa, sai a cusa bandeji ko ƙyalle da yatsa har ƙasan ramin, a cika shi fal, sannan a danna. Ƙirji da ciki ba a cusa musu komai, rufewa ake yi a ruga asibiti. Wuƙa ko ƙarfen da ya cake ba a zare shi, a tokare shi da ƙyalle ta gefe da gefe.

Sai in jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, a koma ga ɗauri. Ba da igiya ba, ba da waya ba, ba da robar ɗaure kaya a babur ba. Waɗannan yanka nama suke yi. Ƙyalle ake so mai faɗin yatsu 3, a naɗa shi kamar yatsu 3 ko 4 sama da raunin ta ɓangaren jiki, kada ya hau kan gwiwa. A ƙulla, a ɗora sanda mai ƙwari ko sufana, a sake ƙullawa, a murɗa har jinin ya tsaya cak, a ɗaure sandar kada ta warware. Mai raunin zai yi ihu, domin akwai zafi ƙwarai, ba alamar kuskure ba ce. Kuskuren shi ne ɗaurin tausayi: wanda bai matsu ba yana toshe jijiyar da ke mayar da jini ne kawai, mai kawowa tana nan tana aiki, sai zubar ta ƙaru. In na farko bai tsayar ba, a ƙara na biyu a samansa. A rubuta lokacin da aka ɗaura a jikin ƙyallen ko a goshinsa. A lulluɓe shi, kada a ba shi ruwa ko da ya roƙa. Cizon maciji kuwa ba ya cikin wannan babi, ba a yi masa irin wannan ɗauri.

Man birki, toka, ƙasa da garin kafso da ake zubawa a tasha da gareji ba sa tsayar da jijiya, datti kawai suke ƙara wa mai ɗinki.

Baƙon ya kuma ce koyar da wannan a makarantu sai gwamnati ta kawo akwatunan magani. Haba! A Amurka, inda aka ƙaddamar da gangamin koya wa talakawa tsayar da jini a 2015, darasin bai kai awa 2 ba. Tsohuwar katifar soso da aka huda, tsumma da sanda sun isa ɗan sakandare ya gwada cusawa da murɗawa da hannunsa, kuma sai ya gwada ɗin zai iya, jin bayani ba ya wadatarwa. Ga 'yan agajin masallatai, ga 'yan acaba, mahauta da 'yan kamasho, su ne ke fara isa wurin haɗari. A haɗa musu da lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, a kuma sanar da su cewa dokar Najeriya ta 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Af, tun da na riga na rubuto: shirin minti 30 ne, amma tallan mai maganin da ke warkar da basir da ciwon suga da kwalba ɗaya yana cinye kusan rabinsa, layin wayarku kuma ba ya shiga. Da ya shiga ranar Talata, da ba a kai ga wasiƙa ba.

Ku dawo da baƙon nan, ko ku kawo ma'aikacin ɗakin haɗari, a janye maganar a daidai lokacin da aka yaɗa ta, a kuma maimaita.

Wassalam.
Mai koyar da agajin gaggawa, Ƙofar Ƙaura, Katsina